Umaru Ganda: Daga Dako a Abijan Zuwa Kambin Fim na Afirka

Duk wanda ya taso a Sabon Birni ko Isa ya san Nijar ba wata uwa duniya ba ce. Kasuwa ɗaya muke ci, auratayya muke yi, Gobirawan Tsibiri da ke kusa da Maraɗi kuwa 'yan'uwanmu ne na jini. Amma ka zagaya wagga makaranta tamu ka tambayi ɗalibai wane ne Umaru Ganda, da wuya ka samu wanda zai ce ya taɓa jin sunan. Alhali shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar fim ta nahiyar Afirka, a 1972, da fim ɗin da bai kai awa ɗaya ba, wanda aka yi shi da harshen Zabarmanci da ɗan abin da ya sawwaƙa.

Dalilin tono tarihinsa yanzu a fili yake. A ɗakunan kwananmu akwai masu haɗa kuɗi suna ɗaukar barkwanci da gajerun fina-finai da waya. Akwai kuma waɗanda aboki ya zo musu da labari mai daɗi, ya ce su zuba jari za a raba riba. Rayuwar Ganda ta nuna yadda ake fara fim da ƙaramin jari, ta kuma nuna daidai wurin da kuɗin ke maƙalewa su ƙi dawowa.

Yaro a filin daga

An haife shi a Yamai a 1935. Bazabarme ne, kuma da rubutun Faransanci Oumarou Ganda ake rubuta sunan. A lokacin Yamai ƙaramin gari ne, domin sai a 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka kai can. Ya yi firamare a garin, karatun boko bai wuce nan ba.

A 1951, yana ɗan shekara 16, ya shiga sojan Faransa. Ku duba fa, shekarun da yawancinmu muke fama da jarrabawar gama sakandare. Aka ɗauke shi aka kai Biyetnam, wadda a lokacin Faransawa ke haɗa ta da maƙwabtanta su kira yankin Indoshin. Tun 1946 mutanen ƙasar, a ƙarƙashin Ho Chi Minh, suke yaƙin korar Faransa, ita kuma tana kwaso samari daga ƙasashen da ta mallaka a Afirka tana tura su gaba. Wato wanda aka mallaka aka tura ya yaƙi wanda ke neman 'yancinsa. Ganda ya yi shekara biyu a can. A watan Mayun 1954 aka ci Faransa da yaƙi a Dien Bien Phu, zamanta a yankin ya ƙare.

Ya dawo gida da sunan ɗan mazan jiya, amma babu aiki. Sai ya yi abin da samarin Isa da Sabon Birni suke yi har gobe in kaka ta wuce: ya tafi ci-rani. Mu Legas da Ibadan muka fi nufa, su kuwa 'yan Nijar na wancan zamani Akara da Kumasi da Abijan suke dosa. Ganda ya sauka Abijan ta ƙasar Kodebuwa, a unguwar Treichville inda baƙi talakawa ke taruwa, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Aikin yini ne, in an ɗauke ka yau ka ci, in ba a ɗauke ka ba sai haƙuri.

Haɗuwa da mai kyamara

A can ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi wanga Rouch injiniya ne da ya zo Nijar a 1941 aikin hanya, daga baya ya koma nazarin al'adun mutanen bakin kogin Kwara yana ɗaukar su a fim. A shekarun 1950 yana bincike kan 'yan ci-ranin Nijar da ke gangarawa bakin teku, sai ya ɗauki Ganda cikin masu taya shi ƙidayar baƙi da yi musu tambayoyi.

Daga nan aka shiga fim. A 1957 Rouch ya bi Ganda da abokansa da kyamara yana ɗaukar rayuwarsu ta mako guda: neman aiki da safe, dako, dambe, yawon Asabar da dare, wayewar garin Litinin da aljihu wayam. Samarin suna da sunayen da suka laƙaba wa kansu na taurarin silima, kamar yadda yaranmu ke kiran kansu da sunayen 'yan ƙwallo. Ganda shi ne Edward G. Robinson, wani ɗan wasan Amurka. Aka sa wa fim ɗin suna Moi, un noir, wato ni baƙar fata.

Kayan aikin abin dubawa ne. Kyamarar hannu ce ƙarama da ake wana ta kamar tsohon agogo, in an wana sau ɗaya ba ta kai rabin minti tana ɗauka ba. Ba ta ɗaukar murya sam. Sai bayan an haɗa hotunan aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana daga kansa, yana faɗin abin da ke ransa, ana naɗa. Wannan muryar tasa ita ce ran fim ɗin. A ƙarshensa an gan shi yana tafiya a bakin ruwa yana ba wani yaro labarin Indoshin, yana kwanciya ƙasa yana kwatanta yadda ake harbi da jefa gurneti.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim na Faransa. Matasan daraktocin Faris, musamman Jean-Luc Godard, suka yaba shi ƙwarai, suka kuma ɗauki darasi: ashe ba sai da katafaren ɗakin shirya fim da manyan taurari ake yin abin kirki ba. To amma sunan da ke kan kyautar na Rouch ne, mallakar fim ɗin kuma ta kamfanin Pierre Braunberger ce a Faris. Rayuwa ta Ganda, murya tasa, yaƙin shi ya yi, amma hannunsa bai kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba. Ba za a ce Rouch bai yi masa rana ba, domin shi ya buɗe masa ƙofa, shi ya kuma ba shi shawarar komawa gida. Sai dai daga baya Ganda bai ɓoye ba cewa akwai abubuwan da aka nuna game da shi a fim ɗin da bai gamsu da su ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Fim ɗin farko

Ya koma Yamai, Nijar kuma ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960. Kafin nan ɗan Afirka bai isa ya ɗauki kyamara yadda ya ga dama ba, saboda wata dokar Faransa ta 1934 da ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da ta mallaka sai da izinin gwamna. Shi ya sa a shekarun 1960 kowa sabon shiga ne. Mustafa Alasan ya yi fim ɗinsa Aouré a Nijar a 1962, Usman Sembene na Senegal ya yi Borom Sarret a 1963.

A cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke Yamai akwai wata ƙungiyar masu sha'awar fim, inda ake koya wa matasa riƙe kyamara da ba da umarni da naɗar sauti. Ganda ya shiga, ya zama mataimakin ma'aikaci, ya koyi aikin da hannunsa. A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Bai je nesa neman labari ba, nasa ya rubuta. Sunan fim ɗin Cabascabo.

Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Gari ya ɗauka, abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, kowa na kiransa maigida. Ya yi ta ɓarin kuɗi har suka ƙare ƙaf. Ranar da aljihu ya bushe sai ya duba bai ga kowa ba. Ya nemi aiki ya rasa, ya koma lebura, igiyar da ya samu a soja ba ta tsinana masa komai ba. A ƙarshe ya saɓi kayan aikinsa ya nufi karkara don ya koma ga ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ci-rani ya dawo da kuɗi a watan salla, ya kuma gan shi bayan wata biyu, ya san wanga labari.

Sai mu duba yadda ya tsimi kuɗi, don nan ne darasin farko yake. A wancan zamani fim a kan zare ake ɗaukarsa, kuma zaren saye ake yi daga Turai. Naɗi ɗaya na zare mai faɗin milimita 16, mai tsawon ƙafa 400, minti 11 kacal yake ɗauka. In ɗan wasa ya yi kuskure, wannan zaren ya tafi ke nan, babu gogewa a sake kamar yadda muke yi a waya. Babu wurin wanke fim a Nijar, sai an aika Faris, mai fim ba zai ga abin da ya ɗauka ba sai bayan makonni. Kowace daƙiƙa kuɗi ce.

Saboda haka Ganda ya yanke rigarsa daidai jikinsa. Ya yi fim ɗin fari da baƙi, tsawonsa minti 45. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin Cabascabo. Sauran 'yan wasan mutanen gari ne, cikinsu har da wata budurwa mai suna Zalika Suley, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Mustafa Alasan a 1966. Wuraren ɗauka titunan Yamai ne da gidajenta, fagen yaƙin Indoshin ma a nan gida Nijar aka kwaikwaye shi. Magana kuma da Zabarmanci, harshen da 'yan wasan ke mafarki da shi.

A 1969 aka zaɓi Cabascabo aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a sashen da masu sharhin fim ke zaɓo sababbin daraktoci. A shekarar kuma ya samu lambar yabo a bikin Mosko. Shekara goma sha ɗaya bayan wani ya ba da labarinsa, ɗan dako ya ba da shi da bakinsa, duniya kuma ta saurara.

Daga ina jarin yake fitowa?

Mai ɗan ƙaramin albashi a Yamai ba zai iya biyan kuɗin wanke fim da haɗa shi a Faris daga aljihunsa ba. Banki kuwa ba ya ba da bashi a kan labari. Abin da ya rage wa Ganda da tsararrakinsa shi ne wani ofishin fim da ma'aikatar Faransa mai kula da hulɗa da tsoffin ƙasashen mallakarta ta buɗe a 1963, a ƙarƙashin Jean-René Debrix. Mafi yawan fina-finan da aka yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci a shekarun 1960 da farkon 1970 sun bi ta wanga ofishi.

Tsarin kuwa shi ne, ofishin ya ba ka wurin yanka da haɗa hotuna da ma'aikata a Faris, ko ya ba ka kuɗi, shi kuma ya karɓi haƙƙin nuna fim ɗinka a wuraren da ba na kasuwa ba: cibiyoyin al'adun Faransa, makarantu, ofisoshin jakadanci. Da babu gara ba daɗi, don da wannan taimako aka gama fina-finai da yawa da da sun ruɓe a gwangwani. Amma ka lura da inda gizo ke saƙa. A waɗannan wurare kyauta ake kallo. Kuɗin da aka ba ka sun tafi wajen gama fim ɗin, babu abin da zai riƙa shigowa daga baya da za ka tara ka yi na gaba. Kowane sabon fim sai ka koma ka sake miƙa ƙoƙon bara.

Wa'azin mai mata

Fim ɗinsa na biyu, na 1970, mai launi ne, sunansa Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ɗin nan ba baƙuwa ba ce gare mu, wa'azi ce. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka, ana girmama shi, yana da mata biyu, sai ya ƙyalla ido ya ga wata yarinya Satu wadda an riga an yi wa wani saurayi Garba alkawarinta. Da kuɗi da kwarjini ya sa iyayenta suka ba shi. Matarsa ta biyu, wadda Zalika Suley ta fito a matsayinta, kishi ya rufe mata ido ta ƙudura kashe amarya a daren biki, sai ta kuskure ta hallaka ƙawar amarya. Ganda ya ɗora alhakin a kan mai fakewa da rawani da dukiya yana take haƙƙin na ƙasa da shi, da iyayen da kwaɗayi ya sa suka karya alkawari.

A Wagadugu, babban birnin ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, an fara wani bikin fina-finan Afirka a 1969, wanda aka sani da FESPACO. A 1972 aka mayar da shi gasa, aka sa babbar kyauta mai suna Ingarman Yennenga, don tunawa da wata gimbiya mahayiya da Mosawa ke ɗauka uwar kakanninsu. Wanda ya fara ɗaukar wagga kyauta shi ne Umaru Ganda, da wanga fim. Har yau in ana jera sunayen waɗanda suka ci ta, da shi ake farawa.

Ya biyo da Saïtane a 1972, wato Shaiɗan, labarin wani ɗan tsibbu da ya zama ɗan aike tsakanin wani mai kuɗi da matar aure. Ka ga dai bai kasance mai tsoron taɓa inda ke da ciwo ba.

Kyauta ba ta biyan bashi

To, mutum ya je Cannes, ya je Mosko, ya ɗauki kambin Afirka. Sai ka zaci daga nan kakarsa ta yanke saƙa. Ina! Daga Saïtane sai da aka shekara takwas kafin ya sake fitar da fim na ƙagaggen labari. A tsakani gajerun fina-finan tarihi da al'adu ya riƙa yi. Shekarun kuma masu wuya ne a Nijar: farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a farkon shekarun 1970, wanda iyayenmu a Gobir ma suka ɗanɗana, sai juyin mulkin Afrilun 1974 da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani.

Babbar matsalar tana ƙofar gidan silima. Wasu kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba fina-finai da yawancin gidajen silima a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci tun zamanin mulkin mallaka. Sana'arsu ita ce su sayo tsofaffin fina-finan kaboyi da na Indiya da na Masar da na Faransa da araha, waɗanda tuni sun mayar da kuɗinsu a wasu ƙasashe, su yi ta zagayawa da su gari-gari. Fim ɗin ɗan ƙasa kuwa sabo ne, duk kuɗin da aka kashe masa daga wannan allon yake jiran su fito. Mi zai sa ɗan kasuwa ya bar mai araha ya ɗauki mai tsada? Ga kuma matsalar zare: manyan gidajen silima da mai faɗin milimita 35 suke aiki, mayar da na 16 zuwa 35 kuwa wani kashe kuɗin ne a Turai. Fim mai minti 45 ko 50 ma bai cika daren mai sayen tikiti ba. Abubuwan da suka sa fim ɗin ya yi araha wajen yi, su suka sa ya yi wuyar sayarwa.

Sakamakon shi ne, ɗan kallo a Faris ko Mosko ya fi ɗan Maraɗi ko Tawa samun damar ganin fim ɗin Ganda. A 1970 gwamnatin Wagadugu ta ƙwace gidajen silimar ƙasarta daga hannun kamfanonin nan, su kuma suka rama da hana ta fina-finai na wani lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wanda ke riƙe da wuƙa da nama.

Ba daraktoci kaɗai abin ya shafa ba. Zalika Suley, wadda ake lissafa ta cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a Afirka ta Yamma, ta sha zagi a gari saboda mutane sun kasa raba ta da miyagun matan da take fitowa a matsayinsu. Da masana'antar ta durƙushe ba ta da abin da ta tara. Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta a 2004, inda aka gan ta cikin rashi a Yamai, daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Magana ɗaya

A 1980 Ganda ya fitar da L'Exilé, dogon fim na kimanin awa ɗaya da rabi, wanda ya ɗauko daga tatsuniya. Wani jakada da ke gudun hijira a Turai ne ke ba abokansa labarin wani sarki da ya ji wasu samari biyu 'yan'uwa suna cewa za su ba da kawunansu in za a aura musu 'ya'yansa. Sarki ya aura musu, bayan shekara ya ce a cika alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya yi ta yawon duniya har ya zama sarki a wani gari, amma a ƙarshe sai da ya ba da ransa saboda maganar da aka ƙulla. Jigon fim ɗin shi ne nauyin alkawari, da abin da ke samun al'umma in magana ta tashi daga daraja.

Bai daɗe bayan wannan ba. Ranar 1 ga Janairun 1981 Allah ya yi masa rasuwa sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45, yana cikin shirin wani aikin. Nijar ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, FESPACO kuma ta ware kyauta da sunansa wadda ake ba daraktan da ya fi kowa a dogon fim ɗinsa na farko. Rouch ya rayu har 2004, ya mutu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, tsallaken Illela.

A watan Maris na 1982, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan rasuwar Ganda, masu shirya fim na Afirka suka taru a Yamai suka fitar da wata takardar matsaya. Abin da ta ƙunsa shi ne abin da rayuwarsa ta riga ta nuna: shirya fim ba zai ɗore ba sai an haɗa shi da rarrabawa da gidajen kallo da sahihin lissafin tikiti, ta yadda kuɗin ɗan kallo za su koma su haifi wani fim, 'yan kasuwa na gida kuma su samu dalilin zuba jari.

Abin da ya rage namu

A ɓangarenmu na iyaka an bi wata hanyar. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, da kuɗin gwamnati aka yi shi. Sai a 1990, da kaset ɗin bidiyo ya sauƙaƙa aiki, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. 'Yan Kano sun samu abin da Ganda ya rasa, wato 'yan kallo na gida masu sa hannu a aljihu, shi ya sa harkar ta bunƙasa ba da tallafin kowa ba. Amma ko a can, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata su ke yanke farashi, masu satar fasaha suka biyo baya, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa kasuwar faifai. Kayan aiki sun canja sau uku, tambayar ba ta canja ba: wa ke riƙe da hanyar da ke tsakanin fim da ɗan kallo?

Yau amsar ita ce YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Ba laifi, ƙofar ta fi ta zamanin COMACICO faɗi nesa ba kusa ba. Amma ita ma da mai ita. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, sannan ya ba ka kashi 55 cikin ɗari. Tallan da ake nuna wa ɗan kallo a Najeriya ko Nijar kuma bai kai na Turai da Amurka tsada ba. Mu 'yan gabashin Sakkwato muna da ƙarin abin tunawa: a 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Kasuwar da ke kan intanet kaɗai ana iya rufe ta dare ɗaya ba da shawararka ba.

Don haka, ɗan'uwa ɗalibi, in an zo maka da maganar zuba kuɗi a fim, kafin ka tambayi daɗin labarin tambayi inda za a nuna shi da wanda zai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta yarjejeniya, ko da ku biyar ne 'yan ɗaki ɗaya: nawa kowa ya sa, kashi nawa zai ɗauka, da sunan wa aka buɗe tashar, asusun bankin wa kuɗin za su shiga, wa ke riƙe da asalin fim ɗin. 'Yan wasa da mai ɗaukar hoto su ma a sa rabonsu a takardar, kada a maimaita labarin Zalika. A ajiye asalin aikin a wuri fiye da ɗaya, domin Shaihu Umar kansa ɓacewa ya yi shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano zarensa, aka gyara aka nuna a Berlin a 2018. Kuɗin rajista da na abinci kuwa ba jari ba ne. Abin da za ka sa ya zama wanda in bai dawo ba karatunka ba zai tsaya ba, don fim ɗin farko sau da yawa makaranta ce, ba kasuwa ba.

Wannan ba hana kowa ba ne. Wayar da ke aljihunka ta fi kyamarar da aka ɗauki Moi, un noir da ita komai da komai: tana ɗaukar murya, ba ta cin zare, ba sai an kai Faris an wanke ba. Labari kuwa Gobir ba ta rasa shi ba. Ga Bawa Jangwarzo, ga kufan Alƙalawa da aka ci a 1808, ga fataken da suka bi hanyar Maraɗi da Agadas. Ga kuma na yau mai ɗaci: ƙauyukan da aka tasa, gonakin da aka bari, 'yan'uwanmu da suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira tun 2019. Yanzu haka wasu ne daga nesa ke ba da wanga labari, mu muna fitowa a ciki a matsayin adadi. Wanda zai ɗauke shi ya yi da hankali, kada ya jefa kansa ko waninsa cikin haɗari, kada kuma ya nuna fuskar wanda bai yarda ba. Amma a ɗauke shi, kuma ya zama mallakar masu shi.

Umaru Ganda da takardar firamare ya yi nasa, ya karɓo labarinsa daga hannun wani, abin da ya gagare shi shi ne hanyar kai shi kasuwa. Mu da ke karanta harkar kasuwanci da lissafin kuɗi da aikin jarida da kwamfuta a ƙarƙashin rufi ɗaya, wannan rabin aikin da ya bari ya fi kusa da hannunmu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.